Wutsiyar Waƙar Mama Ladi

Jama'a, wannan abu da ni ya faru, ba labari aka ba ni ba, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, ina aikin kammala karatun kwamfuta, ina zaune gidan yayata Rifkatu a Kafanchan. Aikin kuwa shi ne in ɗauki muryoyin tsofaffin matan zumuntar coci na wajen Manchok suna waƙoƙin yarenmu, in koya wa kwamfuta ta bambance su. Saura kwana biyu in miƙa, malamina ya ce in na makara sai baɗi, ni kuma na rantse ba zan ƙara shekara a makarantar nan ba.

Ga wanda bai sani ba, murya in ta shiga kwamfuta dogon layin lambobi take zama. Kafin ka yi aiki da waƙoƙin sai ka jera su kamar kunyoyin gona, kowace da layinta, tsawonsu ɗaya, in ba haka ba shirin kwamfutar ya ƙi karɓa. Don haka ake datse kai da wutsiya, wurin tari da gyaran murya da gunagunin ƙarshe. Mata goma sha biyu na ɗauka, sha ɗaya suka datsu lafiya lau, sai ta wata tsohuwa, Mama Ladi.

In datse, in duba tsawo ya yi daidai, ina cewa a jera sai shirin ya ce layinta ya fi sauran. In koma, wutsiyar da na yanke ta dawo, har da ɗan ƙari! Na ce kuskurena ne, na bi abin da na rubuta layi-layi, ban ga komai ba. Ni kuwa akwai taurin kai, na kwashi aikin na tafi wani shagon kwamfuta kusa da tasha, da rana tsaka, janareta na ta ruri, na sake daga farko. Haka dai. Raina ya ɓaci sosai.

Da na dawo gida sai na sa abin kunne don in ji wannan wutsiya mai naci. Muryar tsohuwar ce ƙasa-ƙasa, tana kiran sunayen mata ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa wa Rifkatu, ta saurara, ta ce ai waɗannan su ne suka koya wa tsohuwar waƙar, duk sun rasu, kuma a wurinmu mai waƙa ba ta rufe baki sai ta kira su. Ta harare ni ta ce, "Kai da karatunka, wannan ne kake yankewa? Ba a yanke shi."

Tana cikin faɗan sai ta cire abin kunnen a hankali. Sunan ƙarshe da muryar ta kira, Ladi ne, har da sunan gidansu. Muka buga wa matar fasto a Manchok, ta ce jiya da safe Mama Ladi ta cika. Ni kuwa wata guda ke nan da ɗaukar muryar, wallahi ranar tana raye har gyaɗa ta ba ni.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma na ce aikin nan sai na miƙa shi. Na bar layinta yadda yake, sauran sha ɗayan na cika musu ƙarshe da sifili, wato shiru, har suka kamo tsawonta. Bugu ɗaya shirin ya karɓa. Na miƙa a kan lokaci, na kuma ci.

Shawarata gare ku masu wannan aiki, duk abin da kuka ce hayaniya ce, ku saurare shi har ƙarshe kafin ku yanke. Har yau ban san me ya faru ba. Abin da na sani, bayan shekara biyu ɗaya daga cikin matan nan ta rasu, na buɗe waƙar Mama Ladi, na tarar sunan matar ya shiga jerin. Muryata ma tana cikin abin da na ɗauka, don na taya su amshi a wuri ɗaya, shi ya sa ban ƙara buɗewa ba.