Amshin Auta

Duk layin da sunan Tela suka san shi, amma shi a ransa mawaƙi ne da ɗinki ya riƙe. Shagonsa ɗan ƙarami ne, keke biyu da madubi mai tsaga a gefe. Tun suna yara yake waƙa da autarsu, shi ya ja baiti, ita ta yi amshi. Ta girma ta zama malamar firamare, ba su daina ba. Ranar da babu aiki sukan hau wani bene a bayan kasuwa, inda mai studiyo yake da kwamfuta da ɗakin da aka manne bangonsa da soso.

A waƙarsu ta ƙarshe, Auta ta riga ta ɗauki amshinta. Nasa baitocin suka rage, yana ta cewa sai ɗinki ya yi sauƙi. Kafin nan ciwo ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Daga baya shi ma aka yi masa aiki a maƙogwaro. Ya warke, sai dai muryar ta koma ƙasa, a dushe.

Duk da haka ya koma benen. Aka kunna kiɗan, ya buɗe baki, ya kasa kamo inda ya saba. Mai studiyo ya ce kada ya damu, kiɗan za a sauko masa da shi. Ya ja linzamin kwamfuta, fiyano da jita suka sauko tsaf. Ya ce masa waɗannan MIDI ne, umarni kawai ake ba kwamfuta ta kaɗa, duk inda aka kai su ba sa lalacewa. Tela ya rera baitin farko ba wahala, har da murmushi.

Sai amshi ya shigo. Muryar Auta sauti ce da aka ɗauka daga bakinta, kuma dole ta bi kiɗan ƙasa. Ta fito da kauri, kamar ƙato mai mura.

"Wannan ba ƙanwata ba ce," in ji Tela.

Mai studiyo ya murɗa wani maɓalli, kaurin ya ragu, amma ta koma kamar mai magana cikin bututu. Suka mayar da ita inda take tun asali, suka ɗaga tasa sama, ta fito kamar yaro ya toshe hanci. Suka raba tazarar biyu, duka muryoyin suka ɓaci. Mai studiyo ya kawo shawarar a nemo wata ta sake amshin.

"A'a, ɗan'uwa. Mayar da komai yadda ta bar shi, ka tura min a waya."

Haka yake kunna ta a shago, kiɗa ya yi ta tafiya ba baiti, can Auta ta amsa. Masu kawo ɗinki kan tambaya ina mai waƙar, ya ce ba a gama ba ne. Lokaci-lokaci yakan hau benen ya tambaya ko sabuwar manhajar da za ta daidaita muryoyin ta fito. Mai studiyo ya ba shi kujera, su gwada, ya sauko.