Mai Riƙe Kibiyar Baba

Babana maharbi ne, ya yi karo da gadu ba sau ɗaya ba, amma ƙofar wata tsohuwar mota ce a tashar Gaya ta datse masa manuniyar hagu. A kan wannan yatsa yake ɗora kibiya in ya ja baka. Tun daga ranar, duk kibiyar da ya ɗana sai ta sulale ta faɗi gabansa. Birai suka gane, suka mai da gonarmu ta dawa wurin walima. Maharba ƴan uwansa kuma suka fara fita daji ba su biyo masa ba, abin da ya fi yatsan yi masa ciwo ke nan.

Abin da yake nema ba wuya a faɗa: wani ɗan abu a jikin baka da zai tallafi kibiya, da an saki tsirkiya kuma ya kauce, kada ya taɓa gashinta. Makanisan unguwarmu ya haɗa masa ɗaya da rasor, wato sifirin keke. Abin nan sarkin gaggawa ne, tun Baba bai gama bisimilla ba ya faɗi. Wani masunci daga Tunuga ya sassaƙa masa na ƙashin giwan ruwa, shi kuma ko za a mutu ba ya motsi, kibiya ta goge shi ta karkace. Da shi Baba ya harbe tulun maƙwabciyarmu, yana nufin bishiyar darbejiya. Na uku zare ne da shi wanda ake ɗaurewa a babban yatsan ƙafa, ana harbi ana shuri. Na ga mahaifina, dattijo mai furfura, yana tsalle da ƙafa ɗaya a tsakar gida, na shige ɗaki don kada ya ga dariyata. Inna ko ɓoyewa ba ta yi ba, ita da ma harbi shirme ne a wurinta.

Lokacin sojoji ke mulki, kowa na auna maganarsa. Baba bai iya awo ba. A bakin gada, zai ƙetara iyaka zuwa Malanbil neman na huɗu, wani ya tambaye shi labari, ya ɗaga murya:

"Duk ɗaya suke! Na ce su riƙe na ɗan lokaci su sauka. Wani ya faɗi tun ba a je ko'ina ba, wani ya manne ya ƙi sauka!"

Wani soja ya dafa kafaɗarsa. "Tsoho, su wa ke nan?"

Baba ya zazzage jakarsa, abubuwan riƙe kibiyar nan uku suka zubo. Sojan ya daɗe yana jujjuya ƙashin kifin nan, sannan ya ce, "Ni dai wannan na fi so. Mai tsayawa daram." Baba ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe." Ya juyo gida bai ƙetara ba.

Da la'asar ya rataye bakan a bango, ya zauna yana kallonsa. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba. Inna ta ajiye taɓarya, ta sauko da bakan, ta ce, "Malam, tashi. Wannan zaman makokin ya ishe ni."

Ta tsaya gefensa, ta miƙa yatsanta jikin bakan, ya ɗora kibiya. Ya ja, ya riƙe numfashi. Ba wanda ya ce mata komai, ta janye. Kibiya ta kafe a tsakiyar darbejiya.

"Yaya aka yi kika sani?"

"In za ka yi abin da ba na so, haka kake riƙe numfashi."

Kakar nan mutanen hanyar Yelu sun sha kallo: maharbi da kwari a gaba, matarsa a baya da zane ɗaure, tana mita har gona. Birai suka watse, maharba suka dawo sallama a ƙofarmu.

Bayan rasuwarta makanisan ya kawo wani sabo, ya rantse wannan yana sauka daidai lokaci. Baba ya gwada, ya kuwa sauka daidai. Ya yi masa godiya, ya mayar da bakan bango, bai sake saukar da shi ba.