Takardar da Na Rubuta wa Manaja

Mahaifina dillalin ƙwarar kaɗanya ne. Duk ranar kasuwar Kuta yakan tafi da sikelinsa ya saya a hannun matan ƙauyuka, ya kawo Minna ya sayar wa wani babban kamfani mai sito kusa da tashar jirgi. Ya san garin da ƙwararsa ta fi mai, ya san tsohuwar da in ta ce a kawo, ƙauyen duka sai ya kawo. Shekara talatin yana tara wannan sani a kansa, da shi muke ci.

Da na gama sakandare, ƙarshen shekarun saba'in, kamfanin ya ɗauke ni akawu. Baba har rago ya yanka. Wata rana manaja ya kira ni ofis ya ce, "Ai kai ɗan gida ne. Rubuto mana ƙauyukan da mahaifinka yake saye, da mutanen da yake hulɗa da su." Wallahi daɗi na ji. Shafi huɗu na cika, har da hanyar da mota ke bi da damina. Sakarai kawai! Ni a zatona Baba nake ɗaukakawa.

Kaka na zagayowa kamfani ya tura motocinsa da ma'aikatansa ƙauyukan nan kai tsaye. Sau uku Baba yana zuwa Kuta yana dawowa da buhuna a naɗe. Daga nan ya rataye sikelin a zaurenmu na unguwar Ƙetaren Gwari. Bai ce mini komai ba, ni ma na ja bakina, na riƙa gaya wa kaina bai sani ba.

Daga baya aka tura ni wani kwas. Malamin ya ce haka manyan kamfanoni suke girma: in suka ga yi da kansu ya fi araha, sai su haɗiye dillalin da ke tsakiya. In abu ya yi tsauri su amayar da shi, su koma saye a waje. Yana faɗa yana kakkaɓe alli daga hannunsa. Ni kuwa sai na tuna Baba da shafukan nan huɗu.

Haka kuwa aka yi. Naira ta faɗi, aka rufe sito, aka sallame mu, aka ce za a koma saye a hannun dillalai. Na taho gida da saurina, na tarar da Baba a zaure, lokacin idonsa ya fara mutuwa. Na durƙusa na ce, "Baba, suna neman dillalai kuma."

Ya ce, "To me zan sayar musu? Abin da na sani ai yana durowarsu. Na ga takardar a hannun ma'aikacinsu a Kuta tun shekarar farko. Ban iya boko ba, amma na san rubutun hannunka."

Ashe shekara goma sha biyu ke nan yana sane, ina gaishe shi kowace safiya, yana sa mini albarka.