Takardar Ƙin Haraji da Na Rubuta da Hannuna

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bununi, ko rumbu ɗaya ba mu cika ba, amma haraji yana nan yadda yake. Ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma ni nake rubuta wa mutanen ƙauyenmu wasiƙa da ajami.

Wata ranar kasuwar Ɗanbatta wani ɗan siyasa daga birni ya biyo mu gida a mota. Ya fito da takarda bugun tafireta, ya ce talakawa ko'ina sun ƙi haraji, mu ma mu dangwala. Baffana, yayan mahaifina, ya jujjuya ta ya miƙa masa.

"Ɗan birni, ba na sa yatsa a abin da ban iya karantawa ba. Ga malaminmu nan, ya rubuta tamu."

Bayan la'asar na zauna da alƙalami, kowa yana jefo tasa. Wani ya ce a sa ya sayar da jakinsa, wani ya ce a sa ana shanya magidanta a rana a ƙofar dagaci. Baƙon ya raba goro, aka dangwala, ya tafi da takardar don ya kai wa hukuma.

Sai da motar ta ɓace na farga. Yatsa ba ya faɗin mai shi, amma rubutun hannuna dagaci ya san shi, don ni nake rubuta masa tasa wasiƙar. Kwana tara ina cin tuwo ba na jin ɗanɗanonsa. Ko keke na ji a bayan danga sai na miƙe.

Ran na goma aka kira ni gaban hakimi. A hanya dagaci ya rage murya.

"Malam, ka ce ɗan birnin ne ya yi maka shifta. Yau za ka kwana a gidanka."

Na gane. In na faɗi haka, takardar ta zama aikin 'yan siyasa, a yar da ita, ni kuma na tsira. Allah Ya gafarta mini, da wannan niyyar na shiga zauren.

Sai hakimi ya sa aka ɗauko Alƙur'ani, ya ce in dafa. Ina da alwala. Na dafa, na ce, "Ranka ya daɗe, mota tasa ce, goro nasa ne. Magana tamu ce, ni na rubuta."

Mako biyu na yi a tsare. Baƙon bai leƙo ba, Baffa ne yake takowa da fura. Harajin kuwa sai da muka biya.

Har yau in aka ce zuga mu aka yi, nakan ce ba a zuga mai jin yunwa. Amma ba na bugun ƙirji, don na san abin da na shiga zauren nan zan faɗa.