Wa Ke Sassauta Mini Roba?

Shekarun baya na yi aiki a wani kamfanin gyaran aya a hanyar Jiratawa. Akwai tapi, wato dogon bel da ke ɗaukar aya daga inda ake juye buhu zuwa rariya. A wurin juyewar akwai roba gefe biyu, ita ke tare aya kada ta zube ƙasa. Saita robar nan shi ne aikina.

Ni mutum ne mai son abu bi da bi. Da farko a kashe inji. Sannan a share tapi. Sannan a sauko da roba har ta taɓa shi ba tare da ta danne shi ba, sannan a ɗaure noti daga baya zuwa gaba. Haka aka koya mini.

In na saita da safe, ko ƙwaya ba ta faɗuwa. In na dawo daga sallar azahar sai in tarar da aya a ƙasa kamar an yi shanya. Mai kamfanin ya kira ni. "Zubar nan ta yi yawa. In ba ka iyawa ka faɗa, in ɗauko wani daga Sabon Gari." Ga iyali a unguwar Zariya, ba ni da wata sana'a.

Na zargi zafin rana, na sa sabuwar roba. Na zargi noti, na canza su. Duk a banza. Da na je Tsibiri na ba mahaifiyata labari, sai ta ce, "Ƙila masu wurin ne ke karɓar rabonsu." Na yi dariya, amma washegari kowane noti sai da na yi masa bisimilla.

Ran nan haushi ya kama ni, na danne robar iya ƙarfina. Kafin hantsi wurin ya ɗauki ƙauri, robar ta fara cin tapi. Abokina da ke kula da inji ya kashe shi da gudu, ya ja ni gefe.

"Za ka kashe muna tapi! Ni nika sassauta ta in ka tafi masallaci."

"Kai? Don mi?"

"Matan da ke share wurin ga, ka taɓa ganin an biya su? Abin da ya faɗi ƙasa shi ne nasu, kamar kala a gona bayan girbi. Ka zo ka toshe, suna komawa gida da kwano wayam."

"To mi ya hana ka faɗa mini?"

"Da fuskar nan taka ta jandarma?"

Na tafi wurin mai kamfanin, ban ambaci sunan kowa ba, na ce na gano matan shara ke cin zubar. Ko ɗago kai bai yi ba. "Na sani. Ni ma da kala uwata ta raine ni. Kada ka hana su, kuma kada ka zubar mini da aya."

"To Alhaji, yaya zan bar ta?"

"Kai ne mai roba."

Na fito kaina ya fi ɗaurewa. Tun daga ranar na ƙara mataki ɗaya a tsarina: bayan na ɗaure duka, sai in ɗan saki notin ƙarshe. Babbar cikin matan ita ta zama ma'aunina. In ta ce, "Ɗana, yau hannunka ya yi nauyi," in ƙara saki. In Alhaji ya tsaya yana kallon ƙasa, in ƙara ɗaurewa. Haka na riƙe aikin har na bari don kaina.

Har yau in wani ya tambaye ni daidai inda ake tsai da roba, ban da amsa tsayayya, kuma abin yana ɗan sosa mini rai. Mahaifiyata kuwa da ta ji ƙarshen labarin cewa ta yi, "Ban faɗa maka wurin yana da masu shi ba?"