Eriyar da ta yanke wa Inna magana

Bilkisu, wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu raina a ɓace yake. Kin san aikin digirina a kan eriyar da za ta yi aiki biyu ne: ta ɗauki kiran mutane, kuma da siginar nan ɗin ta riƙa gano motoci da duk abin da ke motsi, irin aikin na'urar rada. Duk rigimar a rabo take, tsakanin masu kira da rada wa za a ba hanya, yaushe.

To, sai na gan ni a gindin wata eriya a tsakiyar tashar motar garinmu, ƙasan duk ruwa har idon sawu. Mutane sun yi layi, kowa ya ɗaga wayarsa sama. Wata murya daga can ƙololuwa tana rabo, wannan a ba shi ɗan lokaci, wancan a tsaga masa siririyar hanya, ragowar duk na rada.

Sai kawai na ji mahaifiyata a wayata, can ƙasa-ƙasa, daga ƙauye take kira.

"Rukayya, babanki ya faɗi a gona, ki gaya wa..."

Aka yanke. Muryar ta ce, "Lokacin rada ne."

Na duba in ga me radar ke bi da ya fi maganar Inna. Wasu baƙaƙen motoci ne masu tsada, ba kowa a ciki, suna ta zagaya shataletale. Na ce a ƙara mata ƙarfi mana, ai na nesa shi ake ƙara wa, haka na tsara. Ba a tanka mini ba.

Sai kawai tashar ta koma ɗakin da zan kare aikina. Malamai sun jeru ƙafafunsu cikin ruwa, an haska tsarina a bango, amma an goge kason mutanen nesa gaba ɗaya. Malamin da ke duba aikina yana cin gyaɗa, ya ce, "'Yan ƙauye ba sa daɗewa a waya." Sauran suka gyaɗa kai. Na buɗe baki in ce ubana ne kwance a gona, sai aka ce in koma bayan layi, muryata ma sai an zo kanta. Ina tsaye ina kallon bakin Inna yana motsi a bangon, ba sauti.

A haka na farka, haƙorana a cije. Tun safe nake kiran Inna, wayar na shiga, ba a ɗauka. Wataƙila tana wurin awaki ne, ta saba barinta a ɗaki.

Don Allah Bilkisu, ke me kika gani a ciki? Fargabar kare aikin ce ta bi ni har barci, ko in bar komai in hau mota yanzu?