Kwallin da Ba Kwalli Ba

A gidanmu na Difa, jakar matafiyi ba tasa ba ce. Kana sauka ka tafi gaida dangi, Inna za ta zazzage ta ta raba wa maƙwabta tsaraba, ba ta tambayar kowa. Na san haka sarai, amma shekara uku a labo, ɗakin gwaje-gwaje, ta mantar da ni.

Aikina a jami'a shi ne haɗa wata hoda mai ƙarfe a cikinta. In aka zuba ɗan kaɗan a tukunyar ƙarfe mai murfi, sai ta sa iskar kabon, wadda ke cikin hayaƙi, ta kama wani ruwa da ake kira efokzid, su zama abin yin roba. Hodar baƙa ce wuluk, tana ƙyalli. Kwalabe biyar na ɗauko, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba, zan kai wani labo a auna. Na biyo gida don salla.

Da na dawo daga gaisuwa, Inna ta tarbe ni da fara'a.

"Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Kwallin nan har ya fi na Makka kyau."

Na duba jakata, babu kwalaben. Ban san abin da hodar za ta yi wa ido ba, babu wanda ya taɓa gwadawa. Na yi wa Inna tsawa, abin da ban taɓa yi ba, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Huɗu na karɓo daga maƙwabta kafin la'asar, da murfinsu a rufe. Ta biyar tana hannun wata tsohuwa da ke yi mana gyaran tattasai, ɗaya daga cikin waɗanda suka baro ƙauyukan bakin kogin Komadugu suka kafa bukkoki kusa da Gagamari. Washegari na je bukkarta, aka ce ta tafi tsohon garinsu. Duk Juma'a take zuwa ta share gida.

Wani mai amalanke ya kai ni bakin gonaki, ya ce shi kam nan ya tsaya. Na shiga garin da rana tsaka. Babu kaza, babu akuya. Ga turmi a kife a ƙofar wani gida, ciyawa ta fito ta cikin tukunyar ruwa. Sai ƙarar tsintsiya kawai nake ji daga can ciki, ita na bi.

Idon tsohuwar na fara dubawa. Babu komai. Na yi hamdala.

"Iya, kwalbar da Inna ta ba ki, ina take?"

"Ni da kwalli, yarinya? Na tsufa. Wa ɗiyata na kawo."

Na san labarin ɗiyar. Ranar da aka tarwatsa garin aka tafi da ita hayin kogi, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

"Duk abin da na samu mai kyau, a tagar ɗakinta nake ajewa," in ji ta. "Sabulu, ɗan kunne, turare. Suna nan, ba wanda ya taɓa."

Ta ja ni ɗakin. Ga su kuwa jere, ƙura ta lulluɓe su. A ƙarshen layin akwai ɗan zagaye a cikin ƙurar, daidai gindin kwalbata.

"Da hantsi na aje, na tafi kogi ɗebo ruwa. Na dawo babu." Ta yi murmushi. "Ita ce. Tun tana ƙarama, kwalli take so."

Na buɗe baki in ce mata ba kwalli ba ne, in ce yana iya cinye ido. Ta riƙe hannuna gam, tana duban hayin kogi, inda ban ga komai ba sai dogayen ciyayi.

"Tana da rai ke nan, ko?"

Na ce, "E, Iya."